Awa Uku Daga Landan Zuwa Los Anjalas

Mu biyu ofishin gona na Funtua ya tura Amurka kwas na wata uku kan noman auduga, a farkon shekarun tamanin, lokacin muna cikin Jihar Kaduna. Da ni Hamisu, mutumin Dayi, malamin gona mai awon filaye, da Malam Ishaya, mutumin Kafur, wanda ya ba ni shekara goma ko fi. Malam Ishaya Kirista ne, a makarantar mishan ya yi karatu. Mutum ne mai sanyin magana, abin da ya fi so a duniya barci da abinci. Ni kuwa lissafi nake taƙama da shi. In na tsaya bakin gona na kanne ido ɗaya, zan gaya maka eka nawa ce, in an ja sarƙar awo a tarar haka ɗin ne. Manoman Musawa har suna suka sa mini, Malam Ba-kuskure. Sunan nan ya hau mini kai fiye da kima.

Daga Kano zuwa Landan awa shida ne da ɗan motsi. Muna sauka na ɗaga kai na dubi babban agogon filin jirgi, na dubi na hannuna, ko minti ɗaya ba su saɓa ba. A hanya Malam Ishaya ya dame ni da wani labari, wai wata Baturiya da ta koyar da su ta ce in rana ta yi a nan, a wata ƙasar dare ne, don haka kowace ƙasa da agogonta. Na miƙa masa tsintsiyar hannuna har hancinsa.

"Malam Ishaya, duba nan, duba can. Mun keto hamada, mun keto teku, ina agogon ya canza?"

Ya duba, ya sosa ƙeya. "To, ai ni ma ji na yi."

"Ji ba gani ba ne," in ji ni. Ban sani ba ashe Turawan Ingila kan tura agogonsu gaba da awa guda in lokacin zafi ya zo, shi ya sa ya yi daidai da namu. Dacewa ce kawai, ni kuwa na ɗauke ta hujja.

An kai mu wani ɗan masauki kusa da filin jirgi inda za mu kwana ɗaya. Muna zaune a zaure muna hira da Hausa, sai wani mutum siriri mai jar dara da kwat ya juyo da sauri, ya buɗe hannuwa kamar ya ga 'yan ɗakinsu.

"La ilaha illallahu! Hausa nake ji a Landan? 'Yan uwa, daga ina?"

Muka ce Funtua. Ya ce ai shi ma kakarsa 'yar Bakori ce. Da Malam Ishaya ya ce shi mutumin Kafur ne, sai ya tuna ashe kakar ta taɓa aure a Kafur. Ya ce mu kira shi Alhaji Bature, shekararsa ashirin a Turai, babu inda bai taka ba. Da ya ji Amurka za mu, sai ya dube ni daga hula har takalmi, ya girgiza kai cike da tausayi.

"Da wannan 'yar shaddar za ka Amurka? Malam, kana da iyali?"

Na ce mata ɗaya da 'ya'ya uku.

"Allah sarki. Ka ga sanyin can, in ka tofar da yawu kafin ya kai ƙasa ya zama tsakuwa. Bara wani ɗan Zariya ya sauka da riga irin taka, kunnensa ya guntule ya faɗi a bakin jirgi."

Na taɓa kunnena ban sani ba. Cikin ikon Allah, wai, akwai kwat guda da Alhaji Bature ya saya wa ƙanensa bai yi masa ba. Ya fita ya dawo da wani jibgegen abu baƙi mai gashi a wuya, nauyinsa ya kai rabin buhun taki, yana warin akwati. Ya ce don zumunci ba zai ci riba ba. Abin da na ba shi har yau ban gaya wa maiɗakina ba. Ya juya kan Malam Ishaya, shi kuwa ya ce a bar shi, in kunnen ya faɗi ya huta da surutun shugaban ofis. Alhaji Bature ya yi mana alkawarin zai dawo da yamma ya kai mu cin tuwo. Har yanzu muna jira.

Mai kula da masaukin ɗan Pakistan ne, dattijo mai jan gemu na lalle. Da ya ga na fito da buta, ya yi mini sallama, ya ce an ga wata, gobe azumi. Gabana ya faɗi, ba don tsoron yunwa ba, don wata magana da ke kaina. A Dayi an daɗe ana cewa duk wanda ya je ƙasar Turawa da cokali yake dawowa a aljihu, kuma da rana tsaka yake cin abinci a watan azumi. Inna ta ji wannan, ta kira ni ɗaki ta riƙe hannuna ta ce, "Hamisu, ban ce ka kawo mini komai ba. Azuminka kawai." Na ce mata ko guda ba zan sha ba. Tun ina ɗan shekara goma sha biyu ban taɓa shan azumi ba, balle na farko.

Dattijon ya ce mini da Turancinsa mai sauri, "Ɗan'uwa, kai matafiyi ne, tafiyarka doguwa ce. Ka sha, ka rama in ka isa."

Na zaro tikiti na shimfiɗa masa a kan tebur. An rubuta tashi daga Landan ƙarfe sha biyu na rana, sauka Los Anjalas ƙarfe uku na rana. Na ce, "Sha biyu zuwa uku, awa uku. Ranar da motar kasuwa ta lalace mana tsakanin Malumfashi da Musawa mun fi haka a hanya."

Ya yi dariya har gemunsa na rawa, ya soma wani bayani yana juya yatsa a iska. Rabin maganar ban kama ba, rabin da na kama ban yarda ba. Da ya ga ba ni da niyyar ji, ya ɗaga kafaɗa, ya kawo mini burodi da ƙwai biyu da shayi a fulas, ya ce in gama sahur kafin ƙarfe uku, don alfijirinsu da wuri yake ketowa. Na yi yadda ya ce. Na bar rabin burodin ma, don kada ciki ya yi mini nauyi a tafiyar awa uku.

Jirgin ya fi ma'ajiyar auduga ta Funtua tsawo. Aka ba ni kujerar taga, Malam Ishaya na gefena. Mun tashi sha biyu daidai, na ji daɗi, na ce ga mutanen da suka san lokaci. Ba a jima ba ma'aikaciyar jirgi, wata doguwar Baturiya mai murmushi kamar an liƙa mata, ta turo keken abinci. Na ɗaga mata hannu na ce ina azumi. Malam Ishaya ya ce mata ta ajiye nawa, zai kula da shi. Ya kula da shi kuwa. Ya cinye kazarsa, ya cinye tawa, ya shafe man shanu biyu da yatsa, ya jefa lemo ɗaya a aljihu, ya yi gyatsa, ya ce, "Allah ya karɓi ibada, Malam Hamisu." Ya kwantar da kai ya kama minshari.

Ƙarfe biyu da rabi na yi taimama na sallaci azahar a zaune. Na sa takalmi, na sauko da jakata na ɗora a cinya, na zura kwat ɗin Alhaji Bature na ɓalle maɓallansa har wuya. Na tashi Malam Ishaya.

"Shirya, mun kusa."

Ƙarfe uku ta yi. Jirgi bai nuna alamar yin ƙasa ba. Uku da rabi na leƙa taga, sai na ga ƙasa fara fat, duwatsu da kwaruruka duk ƙanƙara, iyakar ganinka, ko bishiya ɗaya babu. Na daki cinyar Malam Ishaya.

"Leƙa ka gani! Ga Amurka nan. Wa ya yi wayo yanzu, ni ko kai?"

Ya leƙa, ya kama kunnuwansa biyu. "A nan ake noman audugar?"

"Ƙila ita ce ta yi fari haka," in ji ni, ko da yake ni ma abin ya ɗaure mini kai.

Amurkar ta wuce ta ƙarƙashinmu ba mu tsaya ba. Huɗu ta yi, biyar ta gota. Zufa ta fara bin bayana cikin kwat. Na raɗa wa Malam Ishaya cewa ina jin direban nan ya wuce tasha, kunya ce ta hana shi faɗa. Na dubi sauran fasinjoji, kowa na harkarsa, wata tsohuwa ma saƙa take yi. Da na kasa haƙuri na tare ma'aikaciyar nan, na nuna mata tikiti, na nuna mata agogo, na ce mun makara da awa biyu, lafiya?

Ta duba, murmushin nan ya faɗaɗa. Ta ce ƙarfe ukun da aka rubuta na agogon Los Anjalas ne, su kuwa suna bayan Landan da awa takwas. Tafiyar duka awa goma sha ɗaya ce, mil dubu biyar da ɗari huɗu da 'yan kai. Saura awa shida. Ta ce ko ta kawo mini ruwa?

Kaina bai nemi izinina ba ya kama lissafi. Funtua zuwa Malumfashi mil talatin ne. Wato sau ɗari da tamanin ke nan. Na ga kaina a bayan a-kori-kura ina zuwa Malumfashi ina dawowa, ina zuwa ina dawowa, sau casa'in, ba a tsaya Bakori an sha ko fura ba. Sai wani lissafin ya biyo baya, wanda ya fi wannan muni. In mun sauka ƙarfe uku ne na rana a can. Rana ba ta faɗi ba.

Malam Ishaya ya gyara zama. Tun Kano yake jiran wannan lokacin. Ya kunna 'yar fitilar da ke saman kujera, ya zaro lemon nan daga aljihu.

"Malam Ba-kuskure, kawo hankalinka. Wannan fitilar ita ce rana. Wannan lemon shi ne duniya." Ya dasa farce a ɓawon. "Nan Dayi." Ƙamshin lemo ya bugi hancina, yawu ya tsinke mini. Ya ƙara dasa farce. "Nan Landan. Can baya, nan Amurka. Duniya na juyawa haka, rana na gudu yamma, mu kuma mun bi ta a guje. Ka san in ka bi motar haya da keke kana ɗaga hannu, ba ka kama ta ba, ba ta kuma ɓace maka ba? To haka muke da ranar nan."

"Malam Ishaya, don girman Allah kau da lemon nan."

"Ban gama ba, saura inda dare yake."

"Na gane! Kau da shi."

Ya ce, "Ka sha ruwa mana. Ni ba malaminku ba ne, amma na zauna da Musulmi tun ina yaro, na san matafiyi yana da rangwame."

Na san gaskiya ya faɗa, na karanta da kaina a gaban malaminmu. Amma ga alkawarin Inna, ga kuma abin da ban faɗa ba: in na sha, Malam Ishaya zai kai labari ofis cewa Malam Ba-kuskure ya kasa lissafin sha biyu zuwa uku har ya karya azumi. Na ce masa ni ɗan Dayi ne, mun yi huɗa da azumi a bakinmu, zaman kujera ba zai gagare ni ba.

Ƙarfe bakwai a agogona ta fi kowace awa zafi. Na san a daidai lokacin ladan ya hau katangar masallacinmu. Na ga Inna ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, an jera kunun tsamiya da ƙosai, maiɗakina na ɗaga murfin kwano tururi na tashi, ƙasa na ƙamshin ruwan da aka yi da la'asar, awaki na shigowa. Na san Inna za ta ɗaga ludayi ta ce, ko Hamisu ya samu abin buɗa baki? Na dubi taga. Rana na nan daram bisa fiffiken jirgi, inuwar da na sa wa ido tun azahar ko taki ɗaya ba ta matsa ba. Ban san lokacin da hawaye ya zubo ba. Na yi maza na share, don ban da ruwan da zan yi asara.

Can aka ce kowa ya rufe tagarsa za a nuna majigi. Jirgi ya yi duhu, gajiya ta kwashe ni. Da na farka na ga duhu ko'ina, mutane sun lulluɓa da barguna. Na ce alhamdu lillahi! Na laluba jaka na kwance ƙullin dabinon da Inna ta ba ni, na ɗauki ɗaya, na yi bisimilla, na kai baki. Sai na ji an riƙe mini hannu.

"Tsaya tukuna," in ji Malam Ishaya. Ya miƙa ɗaya hannun ya ɗaga murfin tagar. Haske ya faso kamar an buɗe ƙofar maƙera. Wani Bature a baya ya yi tsaki.

Na dube shi, na dubi dabinon. "Da ka bar ni, ai mantuwa ce, ba laifi."

"Da na bar ka, da har mu koma gida kana cewa ni na cuce ka."

Da aka kawo abinci na biyu, ma'aikaciyar ta ajiye masa tire. Ya buɗe, ya ɗauki cokali, ya juyo ya dube ni. Ban san abin da ya gani ba, amma na san leɓena ya tsage, idona ya faɗa. Ya yi ajiyar zuciya, ya rufe tiren ya mayar mata.

"Me ya faru?" na tambaye shi.

"Ba zan iya tauna ba kana kallona kamar maraya a gidan biki. Na bari sai ka sha ruwa." Ya harɗe hannuwa. "Amma ka sani, ban yafe ba. Ni ban yi wa kowa alkawari ba, ba na cikin wannan lissafi, ga shi an ja ni."

Daga nan muka zama mu biyu. Shi bai saba ba, don haka duk rabin awa sai ya tambaye ni ƙarfe nawa, in na faɗa ya ce, "A agogon wa?"

Mun sauka agogona na cewa sha ɗayan dare, rana kuwa na tsakiyar ƙarfinta. A wurin kwastan wani ƙato mai jan wuya ya buɗe jakata, ya ciro dabinon, ya ciro ƙunshin kilishin da na sayo a tashar Funtua. Ya shinshina, ya yi atishawa, ya tambaya mene ne. Na ce nama ne. Ya ce nama da 'ya'yan itace ba sa shiga ƙasarsu. In muna so mu tsaya gefe mu cinye yanzu, in ba haka ba ga kwandon shara.

Na ce, "Malam Ishaya, taimaka ka ci, kada ya tafi a banza."

Ya dubi kilishin nan, ja wur, yaji na ƙyalli. Maƙogwaronsa ya hau ya sauka. Ya juya baya ya ce, "Na riga na faɗa. Jefa, kada in gani."

Ƙaton ya jefa. Muka kwashi kayanmu muka yi gaba.

Ƙofar fita na buɗewa wani zafi ya mare ni, irin na Malumfashi gab da faɗuwar damina. Mutane na yawo da gajeren wando da singileti. Ni kuwa ga ni cikin kwat mai gashi a wuya, jaka ta cika ba inda zan cusa shi, hannuwa biyu duk kaya. Wata mata ta ja ɗiyarta gefe. Malam Ishaya ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Rufe kunnenka, kada ya faɗi."

Takardar da aka ba mu ta ce mu hau bas zuwa wani ƙaramin gari a kwarin da ake noman audugar, za a tarye mu a tasha. Tafiyar ta kusa awa uku, ta gaskiya wannan karon. Muka hau duwatsu, muka gangara wani fili shimfiɗaɗɗe kamar faifai. Malam Ishaya na ta zungurina in dubi gonaki, auduga kore shar layi-layi har inda ido ya ƙare, ruwa na bin kwalbatoci. Ni da na ƙetare rabin duniya don ganin wannan, ko eka ɗaya ban iya kintata ba. Harshena ya zama kamar tsohon takalmi. Kaina na sara, kunnena na kuka. Rana dai ta fara yin ƙasa ta hagunmu, amma a hankali, kamar tsohuwa mai sauka daga kan jaki.

Da muka isa, na sa ƙafa ɗaya ƙasa, na sa ta biyu, sai tashar ta karkace. Iyakar abin da na sani ke nan.

Na farfaɗo na ji sanyi a goshina. An cire mini kwat an tusa mini ƙarƙashin kai. Malam Ishaya na durƙushe yana mini fifita da tikitin jirgi, yana cewa, "Hamisu! Hamisu! Kada ka yi mini haka. Me zan gaya wa Inna?" Ban taɓa jin ya kira sunana babu Malam ba sai ranar. Wanda aka ce zai tarye mu bai zo ba. A ɗaya gefen wani tsoho ne ɗan firit, fatarsa ta ƙone da rana, ya kwance rawaninsa ya jiƙa a famfo yana matsa mini a ka. Da ya ga na buɗe ido ya ce, "Salamu alaikum."

Na amsa da ƙyar. Da guntun Larabcina na makarantar allo da guntun Turancinsa muka fahimci juna. Sunansa Saleh, mutumin Yaman ne, shekararsa goma sha biyu yana tsinkar inabi a gonakin wurin, ya zo tasha karɓar saƙo ne ya ga mutum ya zube. Shi ma yana azumi. Ya tambayi inda na yi sahur. Na ce Landan. Ya ce wace Landan? Malam Ishaya ya yi masa hannu kamar jirgi. Tsohon ya ƙirga da yatsu, ya ƙare hannu biyu, ya sake, ya sake. Sai ya kama kansa, ya shiga yi mini faɗa da Larabci kamar ni ɗansa ne. Kalma ɗaya na riƙa ji tana dawowa, musafir, musafir, wato matafiyi. Ya ɗebo ruwa a gwangwani ya kai bakina ya ce in sha, Allah bai ce in kashe kaina ba.

Na ce masa, "Ummi." Na nuna ƙirjina, na nuna masa na yi mata alkawari.

Ya janye gwangwanin. Ya dubi yamma. Rana ta yi ja, saura kamar kamu ɗaya ta taɓa ƙasa. Ya taɓa wuyana ya ji bugun jini, ya ɗaga fatar idona ya leƙa. Sai ya ajiye gwangwanin a gabana, ya ce minti goma. In na sake lumshe ido, da hannunsa zai ɗura mini, in ya so in kai ƙararsa wurin uwata.

Suka jingina ni da bangon tasha. Tsohon ya zauna dama, Malam Ishaya hagu. Ya buɗe wata jakar takarda, inabi ne baƙi cike, da gurasa biyu, guzurin buɗa bakinsa. Ya raba uku ba tare da ya tambayi Malam Ishaya ko shi wane ne ba. Muka zuba wa rana ido mu uku. Ƙasar ba tudu, ba kuka, ba rumbu, babu abin da zai taimaka ya ɓoye ta da wuri. Sai da ta taɓa ƙasa, ta nutse rabi, ta tsaya kamar ta yi mantuwa.

"Wallahi in ta komo sama, na koma Kafur da ƙafa," in ji Malam Ishaya.

Ta faɗa. Tsohon ya ɗaga hannu ya yi addu'a, ya miƙo mini gwangwanin. Na sha ruwa a rijiyoyi da yawa a rayuwata, ban taɓa shan irin na famfon tashar nan ba, ɗumi gare shi, yana ɗanɗanon ƙarfe. Na ji shi yana sauka har yatsun ƙafa. Kafin in ci inabi uku Malam Ishaya ya gama da kasonsa, ya fara kallon nawa.

Da hankalina ya dawo, lissafi ma ya dawo. Na duba agogo, huɗu da kwata na asuba a Dayi. Daga ukun jiya zuwa yanzu, awa ashirin da biyar. Na gyara murya na tambayi tsohon, tunda abin ya haura kwana guda cur, ko za a rubuta mini azumi biyu?

Sai da na maimaita ya gane. Ya yi dariya har ya ƙware, ya ɗaga yatsa ɗaya ya kaɗa mini a fuska. "Wahid." Rana ɗaya ta fito, rana ɗaya ta faɗi. Ya ƙara da cewa in yi maza in sami wurin kwanciya, don saura awa takwas a yi sahur.

Malam Ishaya ya tsame hannunsa daga cikin inabina, ya goge a wando, ya dube ni da kyau.

"Malam Hamisu, ka ji da kunnenka, tunda Allah ya sa bai faɗi ba. Yau na yi maka kara. Daga gobe kowa ya kama addininsa."

Haka ya faɗa, a gaban shaida. Ɗaki ɗaya aka ba mu a makarantar da muka zo yin kwas ɗin, muka yi watan nan tare, amma ban taɓa ganin bakinsa na motsi da rana ba. Sai dai kullum wajen sha biyu ya ce zai je duba wani abu a bayan gini, ya dawo yana goge baki, da ɓurɓushin burodi a gemu, ya zauna kusa da ni ya yi hamma ya ce, "Kai, azumin bana akwai wuya."